Idan Shugaban Taro Ya Gyara Hula

Ku 'yan yanzu kuna ganin aikin lasifika jona waya ne kawai. A ba kaya wuta, a busa makirufo sau biyu, a ce "gwaji, gwaji", sai a koma gefe ana latsa waya har a tashi taro. Wani cikinku ma ya taɓa tambayata, ban da ɗaukar kaya mene ne wahalar abin? Na yi dariya na ƙyale shi. Sunana Isa, amma daga Gwandu har Kalgo in ba ka ce Isa Gwaji ba, ba wanda zai nuna maka shagona. Na haura shekara talatin ina ɗaura hon, wato bututun lasifika, a kan bishiyoyin mutane, don haka ku zauna in gaya muku inda wahalar take.

Wanda ya koya mini aikin Baba Yohanna ne, mai gyaran rediyo, mutumin kudancin jihar nan da ya zauna a Gwandu har harshensa ya koma namu. Aikin farko da na bi shi wani masallaci ne a Dalijan, inda hon ya shekara yana kurɓe muryar ladan. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya sa aka kawo tsani, ya hau ya kwance hon ɗin, ya zaro sheƙar tsuntsu daga ciki ya miƙo mini. Sannan ya juya bakin hon ɗin daga bangon makwabta zuwa sararin unguwa. Ya sa ladan ya gwada, ya ce bai yi ba, ya sake hawa. Sau huɗu yana hawa yana sauka. Da na ce masa ai ana ji, sai ya dube ni ya ce, "Ana jin ƙara, ba a jin mutum. Ni ba ni sallarku, amma ba ni barin kiran sallarku shi hito haka." Ladanan yankin nan da sunansa suke nemansa, kuma da ya tsufa ya koma gida, su ne suka fi kowa kewarsa.

Kayan da ya bar mini ba su da yawa: amfilifaya guda mai nauyi kamar dutsen niƙa, hon huɗu, makirufo uku, ƙarfen narka dalma, filaya, da waya mai tsawon da za ta kewaye fili. Sauran aikin duk na kunne ne. Zauren da ka gwada babu kowa, ba shi ne zauren da za ka samu in ya cika ba, domin manyan riguna suna shanye sauti. Rufin kwano yana mayar maka da magana sau biyu. A fili kuwa iska ce maigidanka, sai ka san ta inda take busowa kafin ka ɗaura komai. Janareto a kai shi bayan katanga. Waya a binne ta ko a danne ta da tabarma, don ranar da ta harɗe ƙafar dattijo, ranar ka gama aiki a garin. In kuwa bakin hon ya kalli makirufo, za ka ji kukan da zai sa jarirai su farka a unguwa uku.

Sai kuma masu magana, su ma kowa da halinsa. Akwai mai cusa makirufo a baki kamar zai haɗiye shi. Akwai mai riƙe shi a cibiya, yana ganin cikinsa ne ke jawabi. Akwai mai nuni da shi, ya nuna gabas ya nuna yamma, kai kana biye da shi kana ƙarawa kana ragewa. Baba Yohanna yakan ce, "Isa, mu ba mu da baki, kunne ag gare mu. Mai babbar riga da mai tsumma, sauti guda za ka ba su." Wannan ita ce doka ta farko. Doka ta biyu ita ce hula, kuma sai da na yi furfura na gane cewa dokokin nan biyu ba sa zama inuwa ɗaya.

Ga yadda take. Kafin a fara taro, shugaban taro zai ja ka gefe ya ce ka sa masa ido. In wani ya karɓi makirufo ya ƙi saki, ko ya kama hanyar da ba a so, shugaban ba zai ce uffan ba. Hannu kawai zai kai ya gyara hularsa. Kai kuma sai ka murɗe layin mutumin, ka tashi da sauri ka shiga taɓa wayoyi kana girgiza kai kamar abin duniya ya dame ka. Mutane su ce kayan Isa sun soma. Kafin ka "gyara" an wuce wurin, ba a kunyata kowa ba sai ƙarfe. Kada ku yi saurin zagin al'adar nan. Na ga ta hana dambe a taron siyasa, na ga ta ceci walima daga kawun ango da ya ɗauko tarihin gidansu tun daga kakan kakansa.

Ta kuma taɓa ja mini abin dariya. A wani bikin yaye ɗalibai, shugaban taro ya sa sabuwar hula da ta matse masa kai, ga zafi. Babban baƙo na jawabi, shugaban ya kai hannu, na murɗe. Na ga ya zaro ido, na mayar. Can ya sake sosa goshi, na sake murɗewa. A na uku sai ya tuɓe hular gaba ɗaya ya cusa a aljihu, ya zauna da sanƙonsa a fili har aka shafa fatiha. Daga ranar nakan tambayi shugaban taro tun da wuri ko hular tasa sabuwa ce.

To, aikin da nake so in ba ku labari shi ne laccar shekara-shekara da wata ƙungiyar 'yan bokon garinmu take shiryawa bayan Babbar Salla, a zauren wata makaranta. Shugabanta Alhaji Tukur, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Yara da yawa sun yi karatu ta dalilinsa, kuma bai taɓa barin na tashi daga wurin aiki ban ci abinci ba. Abu ɗaya ne ba ya so a rayuwarsa: a tashi taronsa ana gunaguni.

A shekarar, mai laccar Dakta Rabi ce, malamar tarihi daga jami'ar da ke Kalgo, wadda ta shekara tana bin gidaje tana ɗaukar hoton tsoffin littattafan da aka rubuta da hannu. Ina cikin danne waya da tabarma Alhaji Tukur ya tsaya a kaina.

"Isa, yau ka buɗe ido. Maganag ga ta Dakta tana da ƙaya. In ka ga na taɓa hula, ka san aikinka."

"Na sani, ranka shi daɗe."

Ita dai Dakta ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi duk mun san sunayen malaman da suka wallafa littattafan da garin nan yake alfahari da su, amma wa ya zauna ya kwafe su shafi-shafi har suka iso hannunmu? Ta ce in ka duba shafin ƙarshe sau da yawa za ka ga sunan mai kwafin, kuma cikinsu akwai mutanen da aka kawo daga wasu ƙasashe, akwai waɗanda har yau ake yi wa jikokinsu kallon marasa asali. Ta ce a jami'o'in duniya ana ta gardama a kan launin fata da wanda ya mallaki ilimi, mu kuma muna da tamu gardamar a gida, sai dai mun sa mata suna asali mun rufe ta da faifai. Zauren ya yi tsit irin wanda ba na so. Mai lasifika ya san bambancin shirun sauraro da shirun jiran abin da zai faru.

Da aka zo tambayoyi, wani dattijo siriri ya miƙe daga tsakiya, rataye da tsohuwar gafaka. Malam Garba ne, na Maruda, wanda ya koyar da ni a firamare, shi ya fara riƙe hannuna na rubuta sunana. Kowa a zauren ya san kakansa bawa ne, kowa kuma ya san a gidan kakannin Alhaji Tukur ya yi bautar. Abu ne da aka sani ba a faɗa. Aka miƙa masa makirufo.

"Salamu alaikum. Sunana Garba. Ni jikan bawa na, kowa nan ya sani, kuma..."

Hannun Alhaji ya tafi hula. Nawa ya tafi maɓalli. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannun ne ya riga ni, kamar yadda ƙafa take sanin hanyar gida. Na tashi na shiga taɓa wayoyi ina girgiza kai. Shi kuwa Malam bai san an yanke ba, ya ci gaba da magana, bakinsa na motsi, yana ƙoƙarin kwance gafakarsa da hannu ɗaya. Wasu samari a baya suka fara dariya. Sai mai gabatarwa ya zo ya karɓe makirufon cikin ladabi, ya ce a yi haƙuri, kaya sun sami matsala, lokaci kuma ya ƙure.

Bayan kwana uku Malam Garba ya zo shagona da rediyonsa a hannu. Na ba shi kujera, na durƙusa na gaishe shi.

"Isa, na taho in yi maka jaje. Kayanka sun ba ka kunya gaban mutane. Na ji wasu na cewa sun tsuhwa, nic ce musu ƙarhe na, ko na gwamna shina ƙiyawa. Kak ka sa abin ga rai."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da nake. Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, kayan lahiya lau suke. Ni nim murɗe."

Ya daɗe yana juya rediyon a hannunsa.

"Hula?"

"Hula."

"Ashe." Ya ɗan yi murmushi. "To mi kaz zaci za ni hwaɗi?"

"Ban sani ba, Malam."

"To ka gani. Kai ba ka sani ba, Alhaji bai sani ba, kun dai yanke. Tun aji ukku nike hana ka amsa tambayad da ba ka karanta har ƙarshe ba, ashe ba ka bari ba."

Na roƙe shi ya gaya mini abin da ya so faɗa, in ya so ni in kai wa Alhaji. Ya ce a'a, maganar ba ta shago ba ce, ta taro ce, kuma zai jira taron. Ya bar mini rediyon ya ce maɓallin juya tasha ne yake santsi.

Da shekara ta kusa zagayowa na tafi gidan Alhaji Tukur da kaina, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce masa zan yi aikin kamar kullum, amma na daina ganin hula. Na ce zan ajiye masa makirufo nasa a gabansa, a kunne. In yana so ya tsayar da mutum, ya ɗauka ya ce "Malam, dakata" kowa ya ji, shi ne shugaba, yana da iko. Amma ni ba zan ƙara ɗora wa ƙarfe laifin da ba nasa ba.

Bai yi fushi ba, ya ma sa aka kawo mini fura. Ya ce, "Isa, kai waya kaka haɗawa, ni mutane nika haɗawa. Ka san abin da kalma guda ka iya yi ma gari? Zaman lahiya ya hi jimlar mutum guda."

"Gaskiya ta, ranka shi daɗe. Amma ba mu ji jimlar ba."

"Shi na ba ni son ji." Ya raka ni har ƙofa, ya ce in gaida gida.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, kira ne kawai ya ɗauke. Magana ta zagaya cewa idon Isa Gwaji ya daina ganin hula, kuma a lokacin na gane ashe rabin masu ɗaukata ba sautin suke haya ba, shirun suke haya. 'Yan siyasa suka fara janyewa, masu biki suka bi. Zanzaro ya yi gini a cikin hon biyu. Na koma gyaran fanka da tocila, da damina kuma na bi ƙanena gona a Dalijan, ni da rabona da fartanya tun ina saurayi. Matata takan ce, kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sharaɗin, mene ne na tsiro da sabon hali da furfura? Ni dai sai in ce ta ƙara haƙuri.

Abin da ya rage mini shi ne gyaran hon na masallatai, da wata majami'ar ma'aikata a Kalgo da nake yi wa sauti in suna bikin godiya, sai kuma muhawarar ɗaliban Dakta Rabi. Ita na gaya mata gaskiyar abin da ya faru a Gwandu. Ta ce ta zarga tun ranar, don ba ta taɓa ganin kayan da suke lalacewa daidai kan kalma ɗaya ba. A wurinsu na ga wata hanyar aiki. Akwai mai riƙe da ƙararrawa a gaban kowa, in lokacinka ya cika ya kaɗa, ko kai wane ne. Na ji yaron da ya tashi ya ce ilimin boko duk na Turawa ne, an ɗora mana shi ne don mu raina kanmu. Na ji yarinyar da ta ce masa to ya ajiye tabaraunsa ya koma gida da ƙafa. Na ji Musulmi da Kirista suna ja-in-ja a kan ko malami yana da ikon tambayar abin da ɗalibinsa ya ɗauka da tsarki, har kunnuwana suka yi zafi, sannan na gan su a bakin ƙofa suna cin gyaɗa a leda ɗaya. Akwai maganganun da na ji a can da har gobe ban yarda da su ba. Da na gaya wa Dakta haka sai ta ce, "Malam Isa, ni ma haka. Amma sai mutum ya gama kuskurenai kaka iya nuna mai inda yay yi shi."

Laccar shekarar an ba wasu samari masu akwatunan sautin nan naku na zamani. Na ji labari sautin bai wuce layi na biyar ba, kuma Malam Garba ya ɗaga hannu har ya gaji ba a kira shi ba. Da damina ta biyo baya ya kwanta ciwon ƙirji. Da na je duba shi na tarar ya tashi, amma muryar nan da take cika aji ba lasifika ta koma kamar ta mai raɗa. Na dawo ina lissafin cewa in bai faɗi maganarsa a taro mai zuwa ba, da wuya ya sake samun wani.

Ana saura mako guda a yi laccar sai ga motar Alhaji Tukur a ƙofar shagona. Taron ya yi girma, zaure ba zai ɗauka ba, a filin makaranta za a yi, kuma fili ba wurin wasan yara ba ne. Bai fito ba, gilashi ya sauke.

"Isa, har yanzu idon bai ganin hula?"

"Ya ma ƙara lalacewa, ranka shi daɗe."

Ya yi dariya duk da bai so ba. "To taho dai. Allah shi kyauta."

Na kwana biyu ina kankare ginin zanzaro. Ranar taron tun da hantsi na ɗaura hon huɗu a kan darbejiya, biyu suna bin iska, biyu suna kallon gefe, na ajiye batirin mota a ƙarƙashin teburina, na sa wa Alhaji makirufonsa a gabansa kamar yadda na yi alkawari. Masu jawabi uku ne a shekarar, Dakta Rabi ce ta ƙarshe. Da aka kira ta bayan azahar, ta miƙe ta ce an ba ta minti ashirin, kuma ta ba Malam Garba na Maruda biyar daga ciki, tunda nata ne.

A nan ne duk abin da na koya a shekara talatin ya yi mini rana. Malam ba zai iya tsayuwa ba, sai na kai masa sandar makirufo har kujerarsa, na sauke ta daidai leɓensa, na cire soson da ke kai. Na aika aka kashe janareto na koma kan batir, don gurnaninsa kaɗai ya isa ya binne muryar. Na juya hon ɗin da ya fi kusa da shi. Na rage sautin ƙasa, na dinga ƙara nasa a hankali har zuwa gab da inda kaya za su yi kuka, na tsaya a nan, yatsuna biyu a kan maɓalli.

"Ni jikan bawa na, kowa nan ya sani."

Muryar ta isa har bakin katanga, na ga masu sayar da ruwa sun waiwayo. Alhaji ya taɓa hula. Ya tura ta gaba, ya mayar da ita baya. Na dube shi ido cikin ido, na nuna masa makirufon da ke gabansa. Ya dube shi ya daɗe. Sannan ya tuɓe hular ya ɗora a gwiwa, ya naɗe hannuwansa.

"Ban taho in kai ƙarar kowa ba," in ji Malam Garba. "Kakana sunanai Barka. An kawo shi garin ga shina yaro, bai jin Hausa. Nan yak koyi karatu, hannunai yay yi kyau, anka sa shi kwahin littattahwai." Ya tsaya ya huta, ina jin numfashinsa a cikin hon. Ya zaro wata takarda da ta yi ja daga gafaka. "Ga abin da shika rubutawa in ya ƙare: an gama da hannun Barka, bawan Allah kuma bawan mutane, wanda duk yak karanta shi yi mai addu'a. To an yi ta karatu cikin hannunai, ni dai ban taɓa jin an yi mai ba cikin taro. Abin da nit taho roƙo ke nan. Fatiha guda."

Sai limamin da aka gayyato don rufe taro ya ɗaga hannuwansa ba tare da an ce masa komai ba, filin duka ya bi shi. Malaman makaranta Kiristoci da ke gefe suka sunkuyar da kai. Da aka shafa, amin ɗin ta shigo ta makirufon Malam ta fita ta hon huɗu, sai da na yi sauri na rage. Idona ya kawo ruwa, na sunkuya kamar ina duba batir.

Kada ku zaci daga nan kowa ya rungumi kowa. Wani malami ya miƙe ya ce addini ya riga ya shafe wannan bambanci, tono shi a bainar jama'a ba alheri ba ne. Na ba shi sauti daidai da na kowa. Wani ya ce in an shafe, me ya sa har yau ake aika a binciko asali kafin a ba mutum limanci ko aure? Shi ma na ba shi. Aka yi ta yi har aka kira la'asar. Ba a yi dambe ba, amma wasu sun tafi ransu a ɓace, kuma akwai mutum biyu a garin nan da har yau in na gaishe su da hanci suke amsawa.

Washegari da safe ina naɗe waya sai ga Alhaji Tukur, wannan karon ya fito daga motar. Yana rungume da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ture filaya da dalma gefe, ya kwance shi a kan teburina. Littafi ne na hannu, gefunansa duk sun cinye. Ya ɗaga takardun gaba ɗaya ya bar ta ƙarshe, ya sa yatsa a ƙasa.

"Cikin wanga mahaihina yak koya min karatu. Shi ma cikinai anka koya mai. In mun kai ƙarshen darasi sai a ruhe, wagga takarda ba a karanta ta, an ɗauka ba cikin karatu take ba."

Ni ba na karanta irin rubutun sosai, amma na gane sunan Barka. Bai ce in yi haƙuri ba, kuma ban sa ran zai ce ba. Ya mayar da ƙyallen ya ɗaure.

"Ka san gidan Malam Garba can Maruda?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Ruhe shago."

Muka kama hanya, littafin a kan cinyarsa, direba na tuƙi. Muka bar gidajen gari muka shiga gonaki. Sai da rufin kwanon Maruda ya fara bayyana Alhaji ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"In mun isa, kai za ka yi sallama ko ni?"

"Kai, ranka shi daɗe."

Ya dubi littafin. "To," ya ce.